Amsoshin Tambayoyinku: Da Gaske Inji Zai Rubuta Mana Manhaja Daga Zane?

Tambaya: Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma a ƙaramar hukumar Bawdeta, cikin gundumar Tasawa. Shekara da shekaru muna ajiye hatsi da wake a mangaza muna karɓar bashi a kansu, kuma ni nake riƙe da kaye. Yanzu kayen sun kai uku, idona kuma ya fara gajiya. Ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta a Maraɗi ya ce zai yi mana manhaja. Amma da ya zo hutu, kwana biyu ya yi yana zana akwatuna da layuka a takarda yana ta yi mini tambayoyi. Ya ce wai ba shi zai rubuta manhajar da hannunsa ba, zanen zai ba wani inji ya rubuta. Wasu 'yan kwamiti sun ce lalaci ne, wasu sun ce wayon cin kuɗin ƙungiya ne. Da gaske akwai irin wannan? In akwai, za a iya amincewa da shi a kan dukiyar mutane?

Amsa: Malam Magatakarda, Allah ya ƙara lafiyar ido, ya saka maka da alheri kan wannan amana da kake riƙe da ita.

Ka gaya wa 'yan kwamiti su kwantar da hankalinsu, ɗanka bai yi ƙarya ba. Akwai irin wannan aiki, ana koyar da shi a jami'o'i, manyan kamfanoni kuma da shi suke cin abinci. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne kwana biyun nan. Su suna ganin ya ɓata kwana biyu yana zane, ni kuwa ina ganin kwana biyun sun yi kaɗan ƙwarai. Bari in bi da kai a hankali, za ka ga dalilina.

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Lambobi tsagwaronsu take ji, kuma a farkon zamaninta haka mutane suke zama suna jera mata umarni lamba bayan lamba. A 1952 wata masaniyar lissafi Ba'amurkiya, Grace Hopper, ta haɗa wata manhaja da aikinta shi ne tafinta: mutum ya rubuta abin da yake so a taƙaice, ita ta juya shi zuwa yaren inji. A 1959 aka fito da yaren COBOL, wanda aka gina musamman don lissafin kasuwanci da albashi, har gobe kuma akwai bankunan da ke tafiya a kansa. Masana da yawa a wancan lokaci ba su yarda inji zai rubuta abin da ya kai na hannunsu kyau ba. Yau kusan duk abin da ke cikin salularka ta hannun irin wannan tafinta ya biyo. Abin da ɗanka ya zo da shi ƙarin mataki ɗaya ne a kan tsohuwar hanya. Maimakon ya miƙa wa tafinta rubutu, zane zai miƙa masa.

Zanen ma yana da ƙa'ida, ba akwatunan da suka zo masa a kai yake yi ba. A 1976 wani malami mai suna Peter Chen ya fitar da hanyar zana bayanan kowace harka: kowane abu da akwatinsa, kowace alaƙa da layinta. A ƙarshen shekarun 1970 Faransawa suka gina tasu hanyar mai suna Merise, wadda ta shahara a makarantun ƙasashen da ke karatu da Faransanci, har da Nijar. In ka ji ɗanka yana ambaton MCD, to da ita yake aiki. A 1997 wata ƙungiyar kamfanoni mai suna Object Management Group ta amince da wani yaren zane da ake kira UML, a 2001 kuma ta shelanta tsarin da ta kira MDA, wanda manufarsa ita ce zane ya zama shi ne uwa, rubutun manhaja ya zama ɗan da ake haifa daga gare shi. Injin da yake magana kuwa ba ƙarfe ba ne, wata manhaja ce. Ɗaliban da suka tashi da Merise sun san PowerAMC, wadda ke karɓar zane ta fitar da umarnin gina rumbun bayanai, da WinDev ta wani kamfani a Monpeliye ta ƙasar Faransa, wadda ke iya fitar da fuskokin manhaja gaba ɗaya daga zanen bayanan.

Mu dawo mangazarku. Tsarin da kuke yi, warantaji, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta taimaka aka yaɗa a Nijar tun daga 1999, ka fi ni saninsa. Da kaka farashi a ƙasa yake, sai manomi ya kawo buhunansa a ajiye, a rufe ƙofa da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu ba da bashi. A ba shi wani kaso na darajar kayansa ya je ya yi kiwo ko noman rani ko 'yar sana'a. In bazara ta zo ya biya, a buɗe ƙofa, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi tsada, ko ya ci da iyalinsa a daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

In ka leƙa takardar ɗanka, ina kyautata zaton za ka ga akwati an rubuta mamba, wani an rubuta ajiya, wani bashi, wani biya. A cikin akwatin mamba akwai suna da gari da lamba. A cikin na ajiya akwai irin kaya, yawansa, da ranar shigarsa. Tsakanin akwatunan akwai layuka, a jikin layukan kuma 'yan ƙananan lambobi, irin su 1,1 ko 1,n. Waɗannan 'yan lambobi su ne ran aikin, kada ka raina su. Su ke cewa mamba ɗaya yana iya yin ajiya sau da yawa, amma kowace ajiya ta mutum ɗaya ce rak. Injin zai karanta wannan ya gina wa kowane akwati jadawalinsa a rumbun bayanai, ya gina fuskar da za ka riƙa shigar da suna da buhu, ya sa maɓallin ajiyewa da na nema, ya kuma kafa masu gadi: ba za a rubuta bashi ga wanda ba ya cikin mambobi ba, ba za a rubuta haruffa inda ake son lamba ba. Aikin da zai ɗauki yaro makonni yana bugawa, yana kuskure yana gyarawa, sai ya fito cikin ɗan lokaci, kuma fuska ta goma ta fito da tsafta iri ɗaya da ta farko, tunda inji ba ya gajiya bayan la'asar.

Kan maganar amincewa, ka sani cewa wani ɓangare na manhajar da ke sarrafa tashin jirgin Airbus A380 daga zane aka fitar da shi, da wata manhaja mai suna SCADE, kuma rayukan ɗaruruwan mutane ke cikin kowane jirgi. Ba sai mun je nesa ba ma. Samarin da ƙungiyoyin agaji ke turowa garuruwanku da salula suna tambayar yawan 'ya'ya da awaki, da yawansu da KoboToolbox ko ODK suke aiki. Wanda ya shirya tambayoyin bai rubuta manhaja ba. Jadawalin Excel ya cike: layi ɗaya tambaya ɗaya, nan irin amsar da ake so, nan sunanta, nan kalmomin da za su bayyana, nan sharaɗin da zai sa ta fito. Sai aka juya jadawalin ya zama fom a cikin waya, mai aiki ko babu rezo. Ka ga kenan abin da 'yan kwamiti ke shakka ya riga ya sha zuwa ƙofar gidajensu.

Sai dai injin yana da hali guda da nake so ka riƙe da kyau. Abin da aka zana shi zai gina, daidai wa daida, ba ya tambaya, ba ya shakka. In zanen ya yi ƙarya, zai gina ƙaryar da kyau da sauri, ya shimfiɗa ta a kowace fuska. Ɗanka kuwa ya san akwati da layi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗauki wancan layin da ya ce kowace ajiya ta mutum ɗaya ce. Ranar karɓar kaya, ga mata biyu sun zo da jaki, buhu ɗaya suka haɗa. Wannan ta zuba tiya 25, wannan ta zuba 15, aka ɗinke baki. Kai a kayenka ba ka ko tsayawa tunani: ka rubuta sunan ɗaya, ka ja ɗan layi a gefe ka rubuta ɗayar da rabonta. Manhajar da aka haifa daga wancan zane kuwa wurin suna ɗaya gare ta. Za ka sa sunan mai 25, mai 15 ta ɓace daga lissafi. Bayan wata shida, in mai sunan ta yi tafiya ko suka saɓa, da wace shaida ɗayar za ta karɓi hatsinta? Babu laifin inji a nan. Laifin 'yar lamba ɗaya ce a jikin layi, wadda ba a tambaye ka a kanta ba, ko aka tambaye ka ka amsa da abin da aka saba ka manta da abin da kan faru.

Awo ma haka. Yaron makaranta kilo zai rubuta. Ku da tiya kuke aiki, buhun hatsi kusan tiya 40, amma tiyar hatsi da ta gyaɗa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma tiyar da aka yi wa tsororo ba ɗaya take da wadda aka shafe ba. Dole zanen ya faɗi da wacce ake awo. Kuɗi fa? Tsoho zai ce maka ya kawo dala ɗari biyu, kai ka san jikka guda kenan, sefa 1000. In akwatin kuɗi bai fayyace ko dala ake shigarwa ko tamma ba, wata rana mataimakinka zai buga 200, bashin bawan Allah ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya. Ga ranar haihuwa: ɗalibai suna son sa ta dole, rana da wata da shekara, alhali dattawa da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su wajen shekara kaza. Ga mutum uku a gari ɗaya masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, waɗanda da laƙabi kawai ake rarrabe su. Ga matar da ba za ta faɗi sunan mijinta ba saboda alkunya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar wurinsa a zanen.

Sai manyan tambayoyi, waɗanda ba kai kaɗai za ka amsa ba. In mamba ya rasu da bashi a kansa da buhunansa a mangaza, me ake yi, wa ke karɓa? In ƙwari suka ci waken wani, asarar tasa ce ko ta kowa? In bazara ta zo farashi ya ƙi tashi, ko ya faɗi ƙasa da na kaka, kamar yadda yakan faru wasu shekarun? In mutum ya biya rabi, ana ba shi rabin kayansa? Kuɗin ajiya kan buhu ake yanka shi ko kan wata? Na tabbata duk kun taɓa haɗuwa da waɗannan, kun warware su a gindin itace bisa hankali da sanin juna. Amma wataƙila kun warware abu ɗaya ta hanya biyu a shekara biyu daban. Zane ba ya ɗaukar hanya biyu sai an gaya masa yaushe ake bin wannan, yaushe ake bin waccan. A ganina wannan shi ne babban alherin aikin, tun kafin a kunna kwamfuta: zai tilasta wa kwamiti ya zauna ya faɗi dokokinsa da baki, a rubuta, kowa ya ji. Kuma kada wani ya ce wannan aikin 'yan boko ne. Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, mata ne da yawancinsu ba su yi makaranta ba, suka riƙe dokokin zubi da rance da tara a kawunansu, tsarin nasu kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wanda ya iya faɗin dokar asusu dalla-dalla ya iya gyara zanen ɗanka.

Ka kuma roƙe shi ya shigar da kwaɗo biyun nan cikin zanen. Kamar yadda mutum ɗaya ba ya buɗe mangaza, kada mutum ɗaya ya iya canza bashin da aka riga aka rubuta. A kaye, in an goge abu ana ganin tabon. A kwamfuta gogewa ba ta barin tabo sai an gina ta don ta bari. Ya zana ta yadda ba a share komai: in an yi kuskure, a rubuta sabon layi mai gyara shi, da sunan wanda ya gyara da ranar. Wannan kariya ce ga mambobi, kariya ce kuma gare ka, domin magatakarda shi ne farkon wanda ake nunawa da yatsa.

Akwai wani rami da masu wannan sana'a suka sha faɗawa. Bayan inji ya fitar da manhaja, sai a ga wani ɗan abu bai yi daidai ba, ga gaggawa, sai mai aikin ya shiga cikin rubutun ya gyara da hannu bai koma kan zanen ba. Na taɓa aiki da wani ofis da aka yi haka. Wata da watanni ana ƙananan gyare-gyare da hannu, duk suna aiki lafiya. Ranar da aka bukaci ƙara akwati ɗaya aka sake juya zanen, sabon rubutu ya hau kan tsohon, gyare-gyaren duka suka tafi. Na ga ma'aikaciyar da ke karɓar kuɗi zaune da rasit a hannu, layin mutane har waje, lissafin da allon ke nuna mata ya saɓa da wanda ta sani. Mako guda muka yi muna tono abin da aka gyara da inda aka gyara shi. Irin wannan matsala tana cikin abin da ya sa kayan juya zane na shekarun 1980 suka ba mutane da yawa kunya bayan an cika baki a kansu. Na yanzu sun fi, suna ware wurin da mutum zai rubuta nasa ba tare da an taka shi ba, domin kullum akwai abin da sai an rubuta da hannu, kamar lissafi mai sarƙaƙiya ko yadda rasit zai fito. Ka tambayi ɗanka kai tsaye: in mun canza doka baɗi, ina za ka gyara? Amsar da kake so ka ji ita ce a zanen, sannan a sake juyawa.

Wataƙila kuma ya ambaci ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, ko makamantanta, masu rubuta manhaja daga magana kawai. Suna da amfani, amma halinsu daban. Injin juya zane in ka ba shi zane ɗaya sau goma, abu ɗaya zai fitar sau goma. Su kuwa suna iya ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya, kuma inda ba a gaya musu ba sai su cike da abin da suka ga ya dace. A kan dukiyar mutane, duk abin da suka rubuta sai mai ido ya bi shi layi-layi.

Maganar kuɗin ƙungiya kuwa, 'yan kwamiti suna da haƙƙin tambaya. Wasu injunan kyauta ne, wasu sai da lasisi mai tsada, wasu kuma manhajar da suka fitar ba ta tafiya sai a kan intanet ɗin kamfaninsu ana biya duk wata. Ku san wanne ne tun yanzu. Ku san ko za ta yi aiki ranar da babu rezo, da abin da za a yi caji da shi, da inda za a ajiye kwafin bayanai in wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Ɗanka kuma zai gama karatu, aiki ya kai shi Yamai ko Kano. Saboda haka zanen ya zama mallakar ƙungiya, a takarda da kuma cikin na'ura, da bayanin kowane akwati da Hausa, don wanda zai gaje shi ya ɗora daga inda ya tsaya. In kuma bayan an gama zanen ya ga cewa jadawalin Excel ko fom irin na Kobo ya ishe ku, ku karɓa hannu biyu, kada ku ga kamar ya gaza. Ƙungiya mai mambobi ɗari ko ɗari biyu ba lallai ta bukaci abin da ya wuce haka ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. In ya dawo hutu, ka tara shugaba da ma'aji da mai riƙe mabuɗi da biyu daga cikin mata, a shimfiɗa tabarma, ya karanta muku zanen da Hausa, layi bayan layi, kamar mai karanta wasiƙa. Duk inda ya ce kullum, ku tuno ranar da ba haka aka yi ba. Bayan an juya manhajar ta fito, kada a fara da kayan bana. Ka ɗauko kayen bara, ka buɗe shafukan da suka fi ba ka wahala, na buhun haɗaka, na wanda ya rasu, na wanda ya biya sau huɗu, a shigar da su ɗaya bayan ɗaya a ga ko lissafin zai fito daidai da naka har tamma. Sannan daga kakar bana zuwa ranar buɗe mangaza ka ci gaba da rubutu a kaye kamar yadda ka saba, wani yaro mai ƙarfin ido yana shigarwa a na'ura kusa da kai, duk ƙarshen wata ku gwada biyun.

Ka gaishe mini da 'yan kwamiti da mutanen Bawdeta baki ɗaya. Ina jiran wasiƙarka bayan an buɗe mangaza, in ji yadda lissafin ya kaya.